Idan farfaɗiya ta kayar da mutum a gabanka: abin da za ka yi, da yadda ake shan maganinta

Ƙanina yana ɗan shekara 11 ranar da farfaɗiya ta fara kayar da shi. Bayan la'asar ne a tsakar gida, yana tsaye da kofin ruwa a hannu sai muka ji ya yi wata irin ƙara kamar an shaƙe shi, jikinsa ya sandare, ya tafi ƙasa ta baya, kafin ka ce kwabo hannu da ƙafa sun kama jijjiga, ido ya juye, leɓe ya yi baƙi, kumfa na fita ta baki. Inna sai salati take tana cewa "na shiga uku ku zo, yaron nan zai mutu", maƙwabciyarmu ta rugo da cokalin ƙarfe aka danne shi aka ɓanɓare baki aka cusa wai kar ya haɗiye harshensa, wani dattijo daga zaure yana ta cewa a janye yara kar kumfar ta taɓa su. Ni kuma ina tsaye ban san abin da zan yi ba. Abin bai kai minti 2 ba ya lafa da kansa, amma haƙorinsa na gaba ya tafi, cokalin nan ne ya karya shi, har yau da giɓin yake yawo.

Shekara 4 muka yi muna zagaye da shi, hayaƙi, jiƙo, shafe-shafe, duk inda aka ce ga mai magani sai mun je, har makaranta aka cire shi. Sai da wata gwaggonmu da ta yi aikin nas ta zo biki ta ga abin ya tashi a gabanta, ta ce wa Baba "Yaya, wannan ciwon asibiti ne, don Allah ka ba ni shi gobe mu je." Abin da na koya daga ranar zuwa yau shi nake son in faɗa muku, don wallahi da mun sani tun farko da ba mu wahalar da yaron nan haka ba.

Farko dai mene ne ke faruwa a jiki. Ƙwaƙwalwa da wata 'yar wutar lantarki take aika saƙo zuwa hannu da ƙafa da ido da ko'ina, a tsare, kowane saƙo da hanyarsa. To idan wani sashe nata ya saki wutar nan gaba ɗaya lokaci guda, kamar dai yadda in an kawo wuta da ƙarfi fiye da kima za ka ga ƙwai na ƙiftawa fanka ta haukace, shi ne jiki ke sandarewa ya kama jijjiga. Kumfar da kake gani miyau ne kawai ya haɗu da iska saboda mutum ba ya iya haɗiyewa a lokacin. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau, ba a ɗauka ta fitsari ko tusa ko cin abinci kwano ɗaya ko kwana shimfiɗa ɗaya. Mu shida muka tashi ɗaki ɗaya da ƙanina, babu wanda ya ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu suke, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa kwata-kwata in an gano ciwon an ɗora su kan maganin da ya dace.

To yanzu ga shi ya faɗi a gabanka, a kasuwa ne ko masallaci ko aji ko cikin gida. Kar ka gudu, kuma ka duba agogon wayarka nan take, wannan duba lokacin yana da muhimmanci sosai, don a cikin ruɗu minti 1 sai ka rantse awa ce. Ka janye duk abin da zai ji masa ciwo, murhu ne, tukunyar ruwan zafi, benci, dutse, babur da aka jingine. Shi kar ka ja shi sai in a wurin haɗari ya faɗi kamar tsakiyar titi ko bakin rijiya ko kusa da wuta. Ka naɗe riga ko sallaya ko mayafi ka sa masa a ƙarƙashin kai don kar ya yi ta buga kai da siminti. In akwai abin da ya matse wuya, maɓallin riga ko hijabi mai igiya, a sassauta, in da tabarau a cire.

Kar a danne shi. Na sha ganin ƙarti huɗu sun hau kan mutum wai za su tsayar da jijjigar, ba ta tsayawa don an danne, sai dai a goce masa kafaɗa ko a karya shi. Kuma don girman Allah kar a sa komai a baki. Ba cokali, ba tsinke, ba tsumma, ba yatsa. Maganar haɗiye harshe ba ta da tushe, harshe a ɗaure yake ta ƙasa ba inda za shi. Eh yana iya cizon gefen harshe ya yi jini, wannan cikin 'yan kwanaki ya warke, amma karyayyen haƙori ba ya dawowa, kuma guntun haƙorin ko guntun tsinken zai iya faɗawa hanyar numfashi, wannan shi ne kisan. Haka ɗura ruwa ko rubutu ko man habbatus sauda ko madara a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa, ba ciki yake tafiya ba, huhu yake shiga. Hayaƙi ma haka, mutum yana fama da numfashi a zo a turara masa barkono ko tsumma a hanci. Wasu har ƙafar yaro suke karawa a wuta wai ya farfaɗo, akwai yaran da ƙunar nan ta nakasa su alhali jijjigar da kanta za ta tsaya.

Da jijjigar ta fara lafawa sai ka mirgina shi ya kwanta ta gefe ɗaya, ka lanƙwasa gwiwar da ke sama don kar ya kife, ka ɗan ɗaga haɓarsa bakin ya kalli ƙasa yadda miyau da amai za su zubo waje. Za ka ji yana numfashi da ƙarfi kamar minshari, launin leɓen zai fara dawowa, wannan alama ce mai kyau. Ka kori 'yan kallo, iska yake buƙata, kuma sau da yawa fitsari na kuɓucewa ko tufa ta yaye, musamman mace, a samu zani ko mayafi a rufe ta. Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas, matar nan mai farfaɗiya da ta zo wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan ta zaɓi haƙuri abin da ta roƙa shi ne ya yi mata addu'a kar ta riƙa yayewa in ta faɗi, kuma ya yi mata. Ƙanina ya taɓa ce min faɗuwar ba ta damunsa kamar farkawar, ya buɗe ido ya ga mutane sun zagaye shi daga nesa suna kallo wandonsa a jiƙe.

In ya farka ba zai san inda yake ba, wani ya yi ta surutai, wani ya nemi tashi ya tafi, wani barci mai nauyi zai ɗauke shi, kai na ciwo jiki duk a mace. Ka zauna kusa da shi ka yi masa magana a hankali, ka faɗa masa inda yake da abin da ya faru. Ba ruwa ba abinci ba magani sai ya dawo sosai yana amsa magana daidai yana iya zama da kansa.

Yawanci cikin minti 1 zuwa 3 take tsayawa, kuma wanda aka san yana da ita ba kowace faɗuwa ce sai an kai shi asibiti ba. Amma in jijjiga ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta tsaya wata ta sake tasowa bai farfaɗo a tsakani ba, to a nemi mota ko adaidaita yanzu yanzu, kar a jira mai gida ya dawo daga kasuwa, don irin wannan doguwar tana lalata ƙwaƙwalwa tana kuma kisa, a asibiti allurar diazepam ko makamanciyarta za a yi a tsayar da ita. A cikin motar ma a gefe za a kwantar da shi, kar a zaunar da shi a kan babur a tsakiyar mutum biyu kai na lilo. Haka in wannan ne karo na farko a rayuwarsa, ko ya fasa kai, ko a ruwa ya faɗi ko da an ciro shi ya ce lafiyarsa ƙalau, ko numfashi bai daidaita ba bayan ta tsaya, ko mai ciwon suga ne, don suga in ya yi ƙasa sosai yana kawo jijjiga.

Mai ciki kuwa ko mai jego da ta kama jijjiga, ko da ba ta taɓa yi ba, wannan gaggawa ce ta rai da mutuwa. Yawanci hawan jinin ciki ne, kafin nan za ka ji tana kukan ciwon kai mai tsanani, ido na ganin dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura. A kwantar da ita ta gefen hagu a tafi asibiti, akwai allurar da ake yi musu mai suna magnesium sulphate. Zuwa awo ana gwada jini shi ke kama abin tun bai kai nan ba.

Sai yara ƙanana, abin da ake ce wa taune-taune ko bugun tsuntsu. Yaro tsakanin wata 6 zuwa shekara 5 in zazzaɓi ya yi masa zafi yana iya jijjiga, kuma mafi yawansu ba farfaɗiya ce ba, suna girma suke bari. Taimakon iri ɗaya ne, a gefe, ba komai a baki, a cire masa kaya masu nauyi, a shafa jiki da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba na randa mai sanyi ba. Amma a ƙasarmu ba a zama a gida da yaron da ya yi jijjiga da zazzaɓi, saboda maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau duk haka suke farawa, musamman da damina ga maleriya, da lokacin zafi ga sanƙarau. In wuya ya sandare, ko maɗigar jariri ta kumbura, ko yaro ya ƙi farkawa, ai ba a ma tsayawa neman takalmi.

Wani abin da mutane ba su sani ba, ba kowace farfaɗiya ce ke kayarwa ba. Akwai yaron da zai tsaya cak yana kallon wuri ɗaya na sakan 5 ko 10, ka kira shi ba ya ji, sai ya ci gaba da abin da yake kamar ba a yi ba, kuma a rana sai ya yi haka sau da yawa, a makaranta a yi ta dukansa ana cewa ba ya mai da hankali ko daƙiƙi ne. Akwai wanda hannu ɗaya ne ko gefen baki zai yi ta fizga yana ji yana gani. Akwai wanda zai fara jin wani wari da babu shi, ko wani abu ya taso masa daga ciki zuwa ƙirji, ko tsoro haka kawai, sai ya kama taune baki yana tsintar rigarsa yana tafiya ba ya cikin hankalinsa na minti ɗaya ko biyu, irin wannan ce aka fi cewa iska ce. Wanda ke samun irin wannan alamar kafin faɗuwa ya riƙe ta da kyau, da ya ji ta ya bar bakin wuta ya zauna a ƙasa.

Dalilan da ke kawo ta da yawa mun san su a gidajenmu. Doguwar naƙuda da jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba, sanƙarau ko maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa tun yana ƙarami, buguwa a kai a haɗarin babur, shanyewar ɓarin jiki ga manya, ƙari a ƙwaƙwalwa, wani kuma gado ne, kusan rabi kuwa ko an bincika ba a gano dalili, kuma duk da haka magani na yi musu aiki. Samari kuma ku ji da kyau, tramadol na kawo jijjiga ko ga wanda ba shi da farfaɗiya, balle mai ita.

In za a je ganin likita a tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa, don shi mai ciwon ba ya tuna komai. Abin da ya fi ma, in akwai mutum biyu a wurin ɗaya ya taimaka ɗaya ya ɗauki bidiyo a waya, don likita kawai ba don turawa a WhatsApp ba. Bidiyon sakan 30 ya fi dogon bayani, da shi likita ke bambance farfaɗiya da suma ta yau da kullum da kuma wata faɗuwar da damuwa ke kawowa wadda maganinta daban. Za a tambaye ku me yake yi kafin ta tashi, ta wane gefe ta fara, minti nawa, yaya haihuwarsa ta kasance. Faɗuwa ɗaya ba ta isa a ce farfaɗiya ce ba, yawanci sai an yi biyu da tazarar fiye da awa 24 ba tare da zazzaɓi ko wani dalili na lokacin ba. Ana iya tura ku gwajin EEG, wayoyi ne ake mannawa a fatar kai su karanta wutar ƙwaƙwalwa, ba zafi ba allura, kuma in ya fito lafiya ba yana nufin babu ciwon ba. Wani a ce a yi hoton ƙwaƙwalwa na CT ko MRI. Akwai likitocin wannan fanni a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri, a Nijar kuma babban asibitin ƙasa na Yamai. Don an tura ka asibitin ƙwaƙwalwa ba ana nufin hauka ba ne, farfaɗiya daban taɓin hankali daban. In waɗannan sun yi nisa a fara da babban asibitin da ke kusa.

Magungunan da aka fi bayarwa a wajenmu su ne phenobarbitone, shi ne mafi araha, da carbamazepine da wasu suka fi sani da Tegretol, da sodium valproate wato Epilim, da phenytoin, da levetiracetam wato Keppra wanda ya fi su tsada. Kowanne da irin farfaɗiyar da ya fi dacewa da ita, akwai ma wanda in aka ba mai irin ta tsayawa cak ɗin nan sai ya ƙara masa, shi ya sa ba a zuwa kemis a ce a ba ni irin na ɗan maƙwabta. Likita da kaɗan yake farawa yana ƙarawa a hankali, don haka in an fara sha aka sake faɗuwa a watan farko kar a ce bai yi ba a watsar, a koma a faɗa masa. Mu sai da aka gyara adadin sau uku kafin ta tsaya.

Inda aka fi samun matsala shi ne nan: maganin ba irin na maleriya ba ne da za a sha kwana 3 a gama. Kullum ne, a kan lokaci, ko an yi wata shida ba a faɗi ba. Rashin faɗuwar ai maganin ne ke aiki. Ƙanina ya taɓa yin wata 8 lafiya, Inna ta ce "ai ya warke, a huta da ƙwayoyin nan kar su lalata masa ciki", kwana 4 da dainawa ta dawo masa da tsakar dare fiye da yadda ta taɓa yi, sai da muka kwana biyu a asibiti. Yanke maganin farat ɗaya haɗari ne babba, musamman phenobarbitone. In mutum ya yi shekara 2 ko fiye a jere bai faɗi ba likita na iya duba yiwuwar ragewa sannu-sannu cikin watanni, amma shi zai yanke wannan ba mu ba. A saita ƙararrawa a waya, a sayi na gaba tun saura na mako guda, in za a yi tafiya ko biki maganin ya riga kaya shiga jaka. In an manta an tuna da wuri a sha, in lokacin na gaba ya kusa kar a haɗa biyu. A samu ɗan littafi ana rubuta ranar da aka faɗi da abin da ya faru kafin nan, a tafi da shi duk ranar ganin likita.

Da farko magani na iya sa barci ko jiri, yawanci yana raguwa, yara kuma phenobarbitone kan sa wasu rigima da rashin zama wuri ɗaya, a faɗa wa likita ya canza. Amma in ƙuraje suka feso a jiki da zazzaɓi, baki ko ido ya yi gyambo, musamman a makonnin farko na carbamazepine ko phenytoin ko phenobarbitone, a koma asibiti a ranar.

'Yan uwa mata, mai farfaɗiya tana aure tana haihuwa tana shayarwa lafiya. Abin da ake so ki gaya wa likita tun kafin ki ɗauki ciki, saboda sodium valproate na iya yi wa ɗan tayi illa, ana so a canza miki wani tun da wuri a kuma ɗora ki kan folic acid. In kuma cikin ya riga ya shiga kar ki daina sha da kanki, faɗuwa da ciki haɗari ce gare ki da shi, ki je a duba. Carbamazepine da phenobarbitone da phenytoin kuma suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, ki faɗa musu abin da kike sha kafin a zaɓa miki.

Rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita, sai tsallake magani, zazzaɓi, yunwa, damuwa mai yawa, wasu mata kuma lokacin al'ada. Shi ya sa azumi ke son shiri. Kafin watan ya kama a je a ga likita, masu sha sau biyu a rana da yawa ana mayar musu da shi sahur da buɗa baki, wanda kuma ciwon bai daidaita ba ko yake sha sau uku likita na iya ce masa ya dakata, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Addu'a da ruƙiyya ba wanda ya ce a bari, mu ma muna yi, amma duk wanda ya ce sai ka ajiye maganin asibiti kafin nasa ya ci, ka tashi ka bar wurin.

A gida kuma, wanda ciwonsa bai tsaya ba tukuna kar ya ja ruwa a rijiya shi kaɗai, kar ya shiga kogi ko kududdufi, kar ya hau bishiya ko tsani, kar ya tuƙa mota ko babur ko adaidaita har sai likita ya yarda. Banɗaki kar ya sa sakata ta ciki, kuma wanka da bokiti da kofi, ba a cika babban baho ba. Mata da yawa a bakin murhu ta fi samunsu, in da hali a yi girki da wani a kusa, mai goyo kuma ta zauna a ƙasa kan tabarma in za ta ba da nono ko ta yi wa jariri wanka. Wanda take tasowa cikin barci a sauke masa katifa ƙasa, kuma wani ya riƙa kwana a ɗakin.

Makaranta kuwa a mayar da yaro. Mu da kanmu muka je muka zauna da malamin ajinsu muka nuna masa yadda ake juya shi gefe da yadda ake duba lokaci, shi kuma ya koya wa 'yan ajin, daga baya abokin zamansa ne ma ke cire rigarsa ya sa masa a ƙarƙashin kai. Na kuma rubuta masa 'yar takarda da sunan maganinsa da adadin da yake sha da lambar wayata, da layi ɗaya a ƙasa cewa kar a sa masa komai a baki, aka yi mata leda, tana cikin aljihun gaban rigarsa duk inda za shi.